Kunnen Illa na Hagu

Madawa, ranar Laraba da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Mariyama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, innarki ma tana gaishe ki, ga ta can bakin murhu tana share ido tana cewa hayaƙi ne. Ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe takardar nan kin riga kin sauka lafiya, mota ba ta mutu muku a hawan Buza ba, mai babur ɗin da zai ɗauke ki daga Tabotaki kuma ya kasance mai hankali a kan duwatsun nan. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki.

Gobe za ki tafi. Zan cusa takardar cikin ɗan littafin nan da aka ba ku a makarantar horon malamai, na koyar da zaman lafiya, mai hoton kurciya da ganye a baki. Na san shi za ki fara buɗewa. Labarin gida babu wanda zan ba ki, tare muka kwana muka tashi. Abin da zan faɗa miki na yi sati uku ina tauna shi, da na buɗe baki sai ya koma ciki. Kin ga ubanki, shekara talatin da biyar yana surutu a gaban ƴaƴan mutane, amma ya kasa duban idon ɗiyarsa ya yi mata magana.

Ran da kika kawo littafin na yi miki tsiya, na ce yaran garinmu in sun ga kurciya danƙo suke nema. Kika yi dariya, sannan kika tambaye ni, "Baba, ku zamaninku ƙaƙa kuke koya ma yara zaman lahiya?" Na gyara zama na ba ki amsar da kika saba ji tun kina ƙarama, wadda nake ba kowa a bakin masallaci: ni Mushe Idi, malamin boko, ban taɓa ɗora wa ɗan kowa hannu ba. Maganar gaskiya ce, Mariyama. Kuma duk rayuwata ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta muni ba.

Sati uku da suka wuce na dawo daga sallar la'asar, kina gindin dogon yaro da ƴan maƙwabtan nan da kike tarawa a hutun damina. Ina cikin zaure na ji kin tambayi wata yarinya lissafi, ta kasa. Kika tambayi ta kusa da ita, ta faɗa daidai. Sai na ji kin ce, "Tashi ki korije ta." Yarinyar ta tashi ta ɗan taɓa kuncin ƴar'uwarta. Kika ce, "Ban ji ba." Ta sake, wannan karon har zaure na ji. Littafin mai kurciya yana kan tabarma kusa da ƙafarki. Muryarki ce, amma kalmomin nawa ne, har yadda kika ja ƙarshen maganar. Ban shigo ba. Na juya na koma bakin titi na zauna wajen mai shayi har kuka tashi. Wannan ma laifi ne, ki ƙara shi a kan waɗanda za su biyo baya.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Garin da aka tura ki, can bayan Tabotaki, shi ne garin da aka fara tura ni ina saurayi. Kin san wannan, har kin yi murna kin ce za ki taka sawun ubanki. Abin da ba ki sani ba shi ne irin sawun da na bari. Ina tsoron ki koma musu da abin da na kai musu, a bakin ɗiyata, a cikin ajin da ƴaƴansu ke zaune.

Na isa garin da akwati ɗaya da rantsuwa ɗaya. Mushen da ya koyar da ni ya sha zane mu da guntun tayar mota, har yau akwai tabo a bayana, don haka na rantse ba zan riƙe bulala ba. Aka ba ni ajin rumfar kara, yara sun cika shi har bakin ƙofa, wasu a benci wasu a ƙasa. Wata guda ban koyar da komai ba sai ihu. Nan na tuna wata dabara da na gani a wajen wani tsohon malami: wanda ya kasa amsa ya tsaya, wanda ya amsa ya zo ya mare shi. Muna kiran abin korije. Cikin sati biyu aji ya yi tsit, yara suna hadda kamar ruwa, ni kuma hannuna yana aljihu, ina ganin kaina mai tausayi.

Garin unguwa biyu ne. Akwai ta gangare, manoman da suka daɗe a wurin, masu gonakin fadama. Akwai ta tudu, waɗanda kakanninsu suka yi zama a ƙarƙashin masu raƙuma na arewa, daga baya suka zauna suna noma a cikin tsakuwa. Masallacinsu ɗaya a lokacin, rijiyarsu ɗaya, amma akwai maganganu a tsakaninsu da kowa ya sani kuma ba mai faɗa a fili. Ni ɗan Madawa, da takardata a hannu, ban tambayi kowa komai ba. Ke ki tambaya. Kafin ki jera yara a benci, ki zauna da matan gari a bakin rijiya da wajen daka, ki rufe bakinki ki buɗe kunne. Wanda bai san gari ba, ko da kyakkyawar niyya ya zo, ɓarna yake yi.

A ajin akwai yara biyu. Illa ɗan gangare ne, ƙato, mai sanyin hali, kansa ba ya riƙe lissafi ko kaɗan, amma ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Agali ɗan tudu ne, ɗan firit, kafin in gama tambaya hannunsa yana sama. Jaki ɗaya suke hawa su zo makaranta, Illa a gaba Agali a baya, gorar furarsu ɗaya. Da yake Illa ne ya fi kowa kasawa, Agali ya fi kowa sani, kusan kullum su nake haɗawa.

Ranar farko Agali ya tsaya a gaban abokinsa, ya shafi kuncinsa kamar mai kore masa ƙuda. Na ce ban ji ba. Ya sake shafa. Sai na kafa doka, ina jin daɗin wayona: duk marin da na bayan aji bai ji ƙararsa ba, wanda aka mara zai rama sau biyu. Agali ya dubi girman hannun Illa, ya rufe ido ya zabga masa, sannan ya fashe da kuka. Shi mai marin ne ya yi kuka, Illa bai yi ba. Haka muka yi ta yi har aka yi girbi, aka shiga rani. Kukan ya ragu, ya koma sharɓe, ya ɗauke. Wata rana da na kira shi sai na ga ya taso yana naɗe hannun riga, yana murmushi, yana duban sauran ƴan tudu su ma suna murmushi. Na ga murmushin nan da idona, kuma abin da na ce a raina shi ne yaro ya saba.

Mariyama, yaron da malami ya doka yana jin haushin malami, malami kuma wata rana za a ɗauke shi a kai shi wani gari. Yaron da aka sa abokinsa ya doke shi, da wa zai ji haushi? Da wanda za su sha rijiya ɗaya har su mutu. Ban ce ki ɗauki bulala ba, kada ki ɗauka. Amma kada ki taɓa aron hannun yaro ki yi abin da ke kanki kike jin kunyar yi. Kada ki ba wani sanda ki ce ya tsare miki aji, kada ki sa wani ya rubuta miki sunayen masu surutu, kada ki sa aji ya yi wa wanda ya kasa ihu. Wanda ya sani, ki tashe shi ya koma kusa da wanda bai sani ba ya nuna masa. Zai fi cin lokaci, ajinki zai fi nawa hayaniya, wata rana za ki koma ɗaki kanki yana sarawa. Ba ni da dabarar da za ta sauƙaƙe miki wannan, wadda na sani ita ce nake hana ki.

Kuskurena na biyu da tsakar rana na yi shi, a gaban kowa. Uban Illa ya zo, dattijo, da hauya a kafaɗa. Ya cire takalmansa a bakin rumfar karan nan kamar zai shiga masallaci. Ya ce, "Mushe, in yaro ya yi laihi kai ka buge shi, kai ma ubanai na. Amma kak ka sa ɗan tudu ya ɗora mai hannu gaban mutane. Abin ga ba nan za ya tsaya ba." Ni abin da na ji kawai shi ne raini, wato ɗan tudu bai isa ya taɓa ɗansa ba. Kuma akwai rainin a cikin maganar, ba zan wanke shi ba. Sai na kumbura, na ga ni ne mai adalci, na ba shi amsa da Faransanci, doguwa, ina nuna masa ƙofa. Bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya fahimci dariyar yaran. Ya sa takalmansa ya tafi, bai sake takowa makarantar ba.

Rabin maganarsa mummuna ce, rabinta gaskiya ce, na zubar da duka biyun. Iyaye za su zo miki da maganganu iri-iri. Wani zai kawo miki tsumagiya da hannunsa ya ce ki gyara masa ɗa. Wani zai zo da girman kai, wata da zagi. Ki ba su wurin zama, ki fita da su inda yara ba sa ji, ki amsa musu da harshen da suka yi miki magana. Ki tsince gaskiyar da ke cikin maganar ko da mai ita ya ba ki haushi. Su suka san inda abu zai tsaya a garinsu, ke baƙuwa ce.

Bayan zuwansa da kamar sati biyu, ana zafin bazara, Illa ya kasa lissafin bakwai. Agali ya taso. Marin bai sauka a kunci ba, a kan kunne ya sauka, na hagu, da tafin hannu a buɗe. Illa ya dafe wurin ya durƙusa, ya ce yana jin ƙara kamar ta injin niƙa. Da ya ɗauke hannu akwai ɗan jini. Na yage auduga na toshe masa, na ce ba komai, ya koma ya zauna. Ban kai shi likita ba, don in na kai shi sai an tambaye ni yadda aka yi. Kwana uku kunnen ya fara zubar da mugunya, tsofaffi suka yi ta ɗiga masa mai. Yaran gangare suka fara tare Agali a hanya, shi kuma ya koma bin bayan gari da ƙafa. Jakin ya riƙa zuwa da mutum ɗaya.

To, ga yadda ubanki ya koyar da zaman lafiya, tunda kin tambaya. Da na ga ajin ya rabu biyu, na rubuta a saman allo da kyakkyawan rubutu cewa dukanmu ƴan'uwa ne. Na tsayar da Illa da Agali a gaba, na ce su gaisa. Suka miƙa hannu, kowa yana duban ƙasa. Na sa aji ya tafa, muka yi waƙa. Na koma teburina na rubuta a littafin shirin darasi cewa an yi darasin zaman lafiya, yara sun fahimta. Ban tambayi Illa abin da ke ransa ba, ban tambayi Agali ba, kuma ban ce musu laifina ne ba. Washegari muka ci gaba da korije, sai dai na ce a kiyaye kunne.

Idan yara biyu sun yi faɗa a wurinki, kada ki yi gaggawar haɗa hannuwansu. Gaisuwar dole malami take wa amfani, don ya samu ya ci gaba da darasi. Ki kira kowanne shi kaɗai ki ji ta bakinsa har ya gama, ko da kin san ƙarshen labarin. Ki bar wanda aka cuta ya faɗi abin da aka yi masa a gaban wanda ya yi, shi kuma ya amsa da bakinsa. In ba su shirya yau ba, ki bar su sai gobe. In kuma laifin naki ne, ki faɗa a gaban aji cewa kin yi kuskure. Ba za su raina ki ba. Ko sun raina ki na kwana biyu, sun ga babba ya ba da haƙuri, abin da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Darasin da ke cikin littafinki rabin sa'a ne a sati. Sauran kwanakin fuskarki da hannunki suke karantawa.

Abin da ya fi ɓatar da ni shi ne an yaba mini. Mai duba makarantu ya zo ya ga aji tsit, ya ga yara suna amsa kamar an kunna rediyo, ya buga mini kafaɗa. Shekarar jarrabawa ajina ya yi fice, Agali yana kan gaba. Illa tuni ya koma gona, na ce dama kansa ba na karatu ba ne. Malamai matasa suka riƙa zuwa suna tambayata sirrin, ni kuma ina koya musu da alfahari. Allah kaɗai Ya san azuzuwa nawa abin ya shiga ta bakina, daga Buza har Keita. Kada yabon manya ya zama ma'auninki. Mai dubawa yini ɗaya yake yi ya hau motarsa.

Aka ɗauke ni daga garin, shekaru suka wuce. Aikin farfaɗo da ƙasa ya iso wajensu, irin wanda aka fara a Keita, mata da maza suna ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a kan fako don ruwa ya tsaya. Fakon da ko ciyawa ba ya fitarwa ya fara ba da hatsi, aka zo rabo. Da yake Agali ne mai karatu a garin, shi aka ba igiyar awo. Wata safiya a bakin iyaka Illa ya ce an ci masa taki uku. Kafin mutane su taru ya ɗaga ƙotar hauya ya karya wa Agali hannu, karaya biyu. Maganganun nan da ba a faɗa a fili duk aka faɗe su ran nan. Jandarmomi suka zo, Illa ya yi zaman kaso, hannun Agali ya ɗoru a karkace. Tun daga lokacin ƴan tudu suka gina masallacinsu. Labarin ya same ni a nan Madawa, na girgiza kai na ce mutanen ƙauye da rikicin gona, na ci gaba da shan shayina.

Shekara biyu da suka wuce na je tasha raka baƙo. Ana loda buhunan albasa a babbar mota, wani mai furfura a gemu ya sauke buhu ya tsaya yana dubana.

"Mushe Idi? Lalle kai na. Ka tsuhwa, Mushe."

Illa ne. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yana aji. Na fara tambayarsa mutanen gida, sai ya kama hannuna ya zagayo da ni ɗaya gefen, yana dariya.

"Komo ta nan, Mushe. Wancan kunnen naka na, tun lakwal, cikin ajinka, na bar maka shi."

Muka zauna a inuwar motar. Don in kauce wa zancen kunne sai na kawo na gona, na ce ashe taki uku ya kai mutum kaso.

"Wace gona? Taki ukku na hwako, ko akuya ba ta ƙoshi da shi. Hannun na nema, Mushe. Na dama."

Ya ciro goro ya fasa, ya ba ni rabi.

"Marin bai dame ni ba, ubana ya buge ni hiye da haka. Sa'ad da Agali shike marina shina kuka, wallahi in mun hita ni nike ba shi haƙuri. Rad da na ga ya yi murmushi, ran nan na rasa aboki. Kuma har yau ban samu wani ba."

Aka kira shi ya koma bakin lodi. Kalma ɗaya ta rage in faɗa, ta neman gafara, tana kan harshena, ban faɗe ta ba. Na ce Allah Ya kiyaye gaba, kamar wanda ya zo jajen abin da bai shafe shi ba. Goron yana hannuna har na iso gida, na kasa ci. Ki koyi faɗin kalmar nan tun kina da ƙuruciya, Mariyama, don in mutum ya tsufa bai saba ba, nauyi take yi kamar buhun albasar nan.

Saura guda, ita ce ta fi mini wuyar rubutawa, don a gidan nan aka yi ta. Kina shekara takwas, yayanki Abdu yana sha ɗaya. Bayan la'asar ne, a gindin dogon yaron nan, ina yi muku bita. Ya kasa, kika amsa. Na ce ki korije shi. Innarki ta ɗago daga wajen tankaɗe ta ce, "Malam, ƙanwatai ta hwa." Na ce ta yi shiru, aikina ne. Kika tsaya a gabansa, hannunki bai kai fuskarsa ba. Sai Abdu ya sunkuyo miki. Ya sunkuyo da kansa don kada ki kasa a ce ya rama. Kika taɓa shi, na ce ban ji ba. Ban sani ba ko kina tunawa, ni ina ganin wuyan yaron nan a sunkuye duk lokacin da na zauna a wurin.

Ba sau ɗaya aka yi ba, kusan duk hutun nan ne. Daga nan ya daina ɗaukarki a keke, ya daina ci a kwano ɗaya da ni in yana da hanyar kaucewa. Ya bar makaranta, ya tafi Abijan, yau shekara bakwai. Yana kiran innarki duk Juma'a, yana tambayarta lafiyarki, amma in ta miƙa mini waya ko ta miƙa miki sai ya ce layi ba kyau. Kin sha cewa hassada yake yi don kin yi karatu shi bai yi ba, ni kuma na bar ki a kan haka don ya fi mini sauƙi. Ba hassada ba ce. Yaron da ya sunkuya wa ƙanwarsa ba ya hassada. Hannunki ne ya sauka a fuskarsa, amma marin nawa ne, ba ki da alhaki ko ƙwayar hatsi. Ina roƙonki gafara a kan abin da na sa ki, da abin da na koya miki har kika ɗauka shi ne koyarwa.

Da takardar turinki ta fito na kira daraktan makarantar. Ya ce aji na biyu za a ba ki. A cikinsa akwai autar Illa, akwai wani ɗan Agali. Ya ce yaran gangare suna zama ta ɓangaren taga, na tudu ta ɓangaren ƙofa, ba wanda ya jera su haka, da kansu suke yi. Su ne za ki buɗe wa littafin mai kurciya.

Ga abin da nake roƙonki. Kafin ki shiga aji ki je ki gaida mutanen nan biyu, kowa a gidansa, Illa ya koma gari tun faɗuwar damina. Ki faɗa musu ɗiyar wa ce ke da bakinki, kafin wani ya faɗa musu. Kada ki roƙa mini gafara, ba aikinki ba ne, na gaji da aron hannun yara. In Allah Ya kai mu bayan girbi zan hau mota in zo da kaina, ko gwiwar nan ta yarda ko ba ta yarda ba. Ban sani ba ko za su karɓe ni. Kunnen ba zai dawo ba, hannun ba zai miƙe ba, masallatai biyun ma ina jin haka za su tsaya har in mutu. Abin da ya rage a hannunmu shi ne yaran nan biyu, kuma kada ki tilasta musu benci ɗaya ranar farko. Ki ba su aiki tare, ɗiban ruwan randa ko share allo, ki zuba ido ki yi haƙuri.

Ran da kika ji kalmar nan ta korije ta taso miki, don za ta taso, na dasa ta da zurfi, ki ajiye alli ki fita bakin ƙofa ki sha ruwa. Aji ya yi ta hayaniya, ba abin da zai lalace. In kin dawo hutu kuma ki nemi ƴan matan nan biyu na maƙwabta ki ba su haƙuri, su duka biyun, har da wadda ta yi marin. Lambar Abdu tana bayan takardar nan. Ki kira shi, in ya ce layi ba kyau ki sake kira. Ni ma na fara, sau biyu ke nan bai ɗauka ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da ciwo da bakin mutane, Ya tsare ƴaƴan mutane daga fushinki. Allah Ya ba ki haƙurin da ban yi ba, Ya sa yaran da za su fito daga ajinki su fito da kunnuwansu biyu da abokansu. Ya yafe mana, Ya dawo mana da ke da yayanki gida muna raye. Amin.

In kin je gidan Illa, ki tsaya ta damansa ki yi sallama. Ta hagu ba zai ji ki ba.

Ubanki,
Idi